Hukunce-hukuncen Gasasshiyar Taliya Mai Cuku

Ki sani, ya ke uwargida, Allah ya ƙara wa tukunyarki albarka, cewa mutanen kudancin Italiya, musamman na birnin Nafoli da tsibirin Sisiliya, suna da wani abinci wanda ba su cika fitar da shi ba sai ranar Lahadi ko ranar biki, sa'ad da 'ya'ya da jikoki da surukai suka hallara a gidan tsohuwa, shi ne taliyar da aka dafa, aka cuɗanya ta da miya da cuku, sa'an nan aka shigar da ita tanderu har samanta ya yi ja. Kuma tun da yake makaroni ya cika kantunanmu, cukun Turawa ma ana samunsa a manyan birane ga wanda aljihunsa ya yarda, ya wajaba a bayyana sharuɗɗan wannan aiki filla-filla, domin kada a yi asarar dukiya, a kuma kwana da yunwa.

In wani dattijo a gidan ya ɗaure fuska ya ce wannan baƙon abu ne wanda magabata ba su sani ba, to, ki amsa masa da ladabi cewa Sharif al-Idrisi, masanin ƙasashe, a cikin littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ wanda ya kammala wa Sarki Rojar na Biyu a shekarar 1154, ya ambaci garin Tarabiya kusa da Falarmo, inda ake murza taliya da yawa ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Nasara. Tumatir ne ma baƙo a wannan sha'ani, gama bai iso Italiya daga nahiyar Amurka ba sai a ƙarni na 16.

Mas'ala ta farko ita ce taliyar kanta. Ki nemi gajera mai rami, giram 500 domin mutum biyar ko shida, saboda ramin nan shi ne ma'ajiyar miya, doguwar kuwa ki bar ta sai wata rana. Ki tafasa ruwa mai yawa da gishiri, ki zuba ta, amma ki tsame ta saura minti 2 ko 3 ta nuna, tana da sauran tauri a haƙori. Kuma a nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke zamewa, domin tausayi yakan sa su bar ta ta yi laushi tun a tukunya, alhali kuwa akwai wata wutar tana jiranta a gaba, inda za ta ci gaba da shan ruwan miya, har in ba a yi hattara ba a wayi gari an ɗauko wa iyali abin da ba shi da suna a littafin kowace al'umma.

Game da miya, akwai saɓani tsakanin mutanen Italiya su kansu, kuma saɓani ne mai daɗi. Na kudu sun fi dogara ga jar miya ta tumatir da niƙaƙƙen nama da albasa da man zaitun, wadda ake bari a kan sassanyar wuta har sa'a guda ko fiye, a Nafoli ma har sukan tsarma ƙananan dunƙulen nama da yankakken dafaffen ƙwai. Na wajen Bolonya kuwa sukan ƙara farar miya, inda ake narkar da man shanu giram 50, a juya fulawa giram 50 a cikinsa, a riƙa tsiyaya madara rabin lita kaɗan-kaɗan ana motsawa ba ɗaga hannu, a sa ɗan garin gyaɗar ƙamshi. Wadda ta juye madarar gaba ɗaya don ana kiranta a tsakar gida, gudaji ne sakamakonta. Ni ra'ayina a haɗa biyun, domin jar tana ba da ɗanɗano, farar kuma tana riƙe danshi. Sai dai ki lura, su can sukan sa naman alade da giyar inabi a miyar. Ke naman sa ko na rago ya wadatar da ke, kuma ba abin da zai ragu.

Yanzu mun iso babban rukuni, wato cuku, wanda a kansa nake roƙon a saurare ni da kunnen basira. Cuku biyu ake bukata, kowanne da aikinsa: mozarela, mai taushi, wadda asalinta a yankin Nafoli da nonon ɓauna ake yin ta, ita ce ke narkewa ta yi zare idan an ɗaga cokali, da kuma Parmigiano, mai tauri da gishiri, wanda ba a yarda a sayar da shi da wannan suna ba sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye, shi ne ke ba da ƙamshi da jan sama. Ki tanadi giram 300 na ta farko da kamar giram 80 na na biyu. In mozarelar mai ruwa ce, ki yanka ta ki bar ta ta tsane a kwando, in ba haka ba za ta mayar miki da faranti tafki. Kada kuma kishin gida ya ɗebe ki ki ce za ki musanya da cukun Abzinawa ko warar Fulani, domin waɗannan, duk da darajarsu a mazauninsu, ba a yi su don narkewa ba, za su shiga wuta su fito yadda suka shiga. Rowa a wannan babi makaruhi ce mai tsanani, gama wadda ta sayi taliya, ta ƙona gawayi, ta tara jama'a, sa'an nan ta tsaya tana ƙirga ƙwayar cuku, ta yi tafiyar kwana da kwanaki ne ta juya a ƙofar gari. Kuma kada ki ba yaro aikin gugar cuku sai wanda aka shaida amanarsa, shi ma a gaban idonki.

Sai ki shafa man shanu a faranti mai faɗi, ki shimfiɗa rabin taliyar da kika cakuɗa da miya, ki watsa mozarela, ki rufe da sauran, ki bi samansa da farar miya da ragowar cuku, ki shigar tanderun da ya riga ya yi zafin digiri 190, minti 25 zuwa 30. Wadda ba ta da tanderu, dabarar masu gasa kek ta ishe ta: babbar tukunya da yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Idan ya fito yana ɓararraka, ƙamshi ya kai zaure, yara sun kewaye ki kowa da kwanonsa, maigida kuma wanda ɗazu yake tambayar ina tuwo ya fara gyaran murya a bakin ƙofa, to, nan ne jarrabawa ta gaskiya take, domin wajibi ne a bar shi ya huta minti 10 zuwa 15 kafin wuƙa ta taɓa shi. Hikimar ita ce cuku da miya su daskare kaɗan su kama juna, yadda kowane yanki zai tashi a tsaye da mutuncinsa. In aka yi gaggawa kuwa, sai ya zube a faranti, ya kuma ƙona harshen wanda ya fi kowa zumuɗi. Ki tsaya da ludayi a hannu, kada ki karɓi ceton kowa, ko da na autanki ne.

Saura mas'alar da ta fi kowace wuyar warwarewa. Gefen farantin nan, inda taliya ta ƙame cuku ya soyu, matsayinsa a wurin mutanen Italiya shi ne matsayin ƙanzo a wurinmu, kuma faranti kusurwa huɗu gare shi, masu da'awa kuwa kullum sun fi huɗu. Saboda haka ne na ce a zaɓi mai faɗi maimakon mai zurfi, don gefe ya yawaita, husuma ta ragu. Tsakiya mai laushi haƙƙin kaka ce da duk wanda haƙoransa suka yi murabus. Maigida a ba shi kusurwa ɗaya, tare da yajinsa in ya nema, kada a yi masa gardama a kan haka. Biyu a yanka su ƙanana a raba wa yara bisa adalci, babba ya yanka ƙarami ya fara zaɓa. Ta huɗun kuwa, uwargida, taki ce, ki cire ta ki ajiye a kwanonki tun kafin ki kira kowa.