Idan Sif Ɗin Amarya Ya Faɗo, Wa Zai Biya?

Mu dai a unguwar nan, idan kujera ta karye da baƙo, dariya muke fara yi, sannu ta biyo baya. Wani ma ya ƙara da cewa ai jikin Alhaji ne ya yi mata yawa. In abin ya dame mu, a aiki yaro ya kira kafinta. Zai zo da guduma da 'yan ƙusoshi a aljihu, ya ƙwanƙwasa, ya ɗora laifin a kan katakon bana da bai bushe ba. A ba shi ruwa ya sha, a rabu lafiya.

Ba wai ba mu da tsari ba ne. Abin da ke riƙe da kafintanmu kunya ce. A masallacin layi yake salla, kuma ya san in gadon amarya ya zube a makon farko, kafin magariba labarin ya zaga gidajen suna uku, kakar jere mai zuwa ba mai leƙa shagonsa. In an ji rauni, dattawa su zauna, a ce tsautsayi ne, ya kawo ɗan abin dubiya.

A Amurka ba a san wannan ba. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye durowa kusan miliyan 29 daga kasuwa saboda suna kifowa kan yara, sannan ya biya iyalai uku dala miliyan 50. Shi ya sa a can ko mai ɗan shago a bayan gidansa yakan yanki inshora a kan kayan da ya ƙera. In teburinsa ya raunata wani, kamfanin inshora ne zai ɗauki lauya ya biya diyya. Amma fa ba ruwansu da gyaran teburin, wannan yana wuyan kafinta.

Mu kuwa ka ce inshora, abin da ke zuwa mana takardar mota ce da ake miƙa wa ɗan sanda ta taga, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023, muka yi ta mita. Wani ya ce ai akwai riba a ciki, malaminsa ya hana. To, tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda ake zuba kuɗi a asusun taimakon juna, ga kamfanoni irin su Noor da Jaiz. Dokar kare masu saye ta 2018 ma ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya mai aibi ya yi a kan wanda ya sayar. Je ka faɗa wa Oga kafinta haka yana tsakiyar yankan katako, ka ji amsa: "Malam, bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Yaransa ne abin ji. Su a Instagram suke ciniki, su loda sif mai ƙofa shida da madubi a mota zuwa Abuja, gidan Hajiyar da ba ta san mai unguwarmu ba, amma ta san lauya. A tsayar da shi a kan tayil mai santsi, jikoki na jan ƙofofin suna lilo. Ka ce a ɗaure shi da bango, su ce mai gidan haya ya hana huda gini.