Masu Zaɓen Manhajar Lissafi, Kowa da Halinsa

Tara 'yan Gidan Rumji da ke karatu a Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi, ka ce su lissafa ruwan saman da ke sauka a yankin Gulbi. Lissafin ba ya ba su wuya. Rigimar tana kan manhajar kyauta da za a jera lambobin a ciki.

Akwai mai shelar mutuwa. Ba ruwansa da aikin da manhaja ke yi, ranar gyaran ƙarshe kawai yake dubawa. In an yi wata uku ba a taɓa ta ba, sai ya tafa hannu: "Allah Ya jiƙanta." Hujjarsa kullum Theano, wadda masu ita a Kanada suka sanar a 2017 cewa sun ajiye. Haka aka yi kuwa, amma shi har yau bai tashi daga zaman makoki ba.

Mai bin yayi sai JAX ta Google, alhali kwamfutarsa ba ta tashi sai an kawo wuta.

Sai gwanin "ni zan rubuta tawa". Ya ji labarin Travis Oliphant, wanda ya haɗe Numeric da Numarray, NumPy 1.0 ta fito a 2006. Abin da ya wuce shi: wancan ya raba gardama ne, shi kuwa sabuwa zai haifar. Da sauƙi ma, don a raɗin suna aikin ke tsayawa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai dogon baki. Manhajar kyauta kamar famfon tuƙa-tuƙa ce ta tsakar gari: kowa na ɗiba, in ta lalace kowa na zagin mai gyara. Masu gyaran da yawansu sa kai suke yi, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Namu bai taɓa ba da ko dala ba, bai gyara ko harafi ba, amma saƙonsa cike da "yaushe?" da "ina kuke?", kai ka ce shi ke biyan albashi.

Can gefe kuma ga tsohon hannu. Da NumPy 2.0 ta fito a Yunin 2024 ta rikita wa wasu tsofaffin ayyukansu, sai ya rantse ba zai sake sabuntawa ba. Shi kaɗai ya gama lissafin, sai dai aikin ya ƙi tashi a kwamfutar malaminsu.