Shari'ar Kwamfutata a Kasuwar Dembé

Kwamfutata ta kwana lafiya lau, da safe ta ƙi tashi. Fanka na ta juyi, allo baƙi ƙirin. Duk lissafin bashin da nake bin jama'a yana cikinta, don haka na naɗe ta da rawani, na ɗare bayan babur ɗin ɗan kalando sai kasuwar Dembé.

Mai gyaran da aka nuna mini dattijo ne, tabaraunsa ɗaure da zare. Ko buɗe ta bai yi ba ya yanke hukunci.

"Alhaji, bairos ne. Ana soka mata filas ɗin waje?"

Na ce yara kan kwaso finafinan Indiya. Ya tafa hannu, ya kawo mini tarihin WannaCry, wanda a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutocin asibitocin Ingila har aka riƙa sallamar marasa lafiya. Magani ɗaya ne: a wanke ta tas, jaka goma.

"Tas har da bashin?"

"Har da shi."

Sai wani saurayi ya leƙo daga rumfar kusa. "Baba, da girmanka, sabuntawa ce ta sarƙe mata." Ya ce ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike, wanda aikinsa tsare kwamfutoci ne, ya saki sabuntawar da ta kwantar da na'urori kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi a Amurka, alhali babu ɓarawo ko ɗaya a lamarin.

"To wannan gyatumar jirgi ce?" in ji dattijo.

Kan ka ce kwabo an yi dafifi. Ana yi da Hausa, ana komawa Larabci, in rai ya ɓaci a zuba Faransanci. Mai shayi ya bi saurayi, mai bandar kifi ta ce sammu ne. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a wanke ta kuwa, da na dube shi da kyau, mutumin da nake bi jaka talatin ne tun azumin bara.

Ana cikin haka yaron shagon, wanda ba a tambaye shi komai ba, ya kwance murfin ƙasa. Ƙurar hunturu ta yi dam a ciki, har da gawar kyankyaso. Ya zare memori, ya goge haƙoran memorin da magogin fensir, ya hure gurbin, ya mayar. Allo ya kawo haske.

Dattijo ya ce bairos ɗin ne ya ji tsoro. Saurayi ya ce sabuntawar ce ta ƙarasa. Kowannensu ya miƙo hannu: wannan kuɗin dubawa, wancan kuɗin shawara. Yaron aka sallame shi da kofin shayi, shi ma ni na biya.

Na buɗe shafin bashi na waiwaya neman mutumina, mai kifi ta ce tun da allo ya haska ya tuna ana jiransa a unguwar Chagoua.