Wallahi Ruwan Fiyano Ne

Fiyanon makarantarmu katako ne, katako kuwa ba ya samun sakat a Kano. Mai gyaran da ya zo daga Jos a watan Agusta ya ɗaure tsirkiyoyinsa sama da 200, sannan ya ja mini kunne: allon da ke ciki yana kumbura da damina, murya ta hau, hunturu ya busar da shi, murya ta zube. Ya ce dole danshin ɗakin ya tsaya wajen kashi 45 cikin ɗari. A Janairun Kano kuwa har ƙasa da 20 yake sauka.

Da hunturu ya kama, Baba maigadi ya leƙo ya ga ina tagumi a gaban fiyanon. "Malam, faso ne. Man kaɗanya za ka shafa masa, safe da yamma." Na ce Baba ai ba diddige ba ne. Ya ce to a lulluɓe shi da bargo, a hura masa gawayi, sanyi ne ya kama shi. Ni kuwa ɗan boko, sai na buɗe murfin ƙasa na girke robar ruwa cike fal kusa da feda.

Jiya, ranar taron iyaye, yara suka turo fiyanon kan dandamali, robar ta karkace ba wanda ya sani. Na zauna cikin farar shadda, na fara taken ƙasa. Muryar ta fito kamar akuya mai mura. Na daure, na taka feda.

Ruwa ya ɓullo daga tsakanin ƙafafuna.

Ba da gudu ba. A hankali, cikin natsuwa, ya jiƙa bakin wandona, ya ratsa dandamali, ya nufi takalmin babban baƙo. Kowa na tsaye ƙiƙam saboda taken ƙasa, ba halin motsi, sai ido. Wata Hajiya a layin gaba ta dubi ruwan, ta dube ni, ta sake duban ruwan, ta ja mayafi ta rufe baki. Ni kuma ina ta kaɗawa, don in na tsaya na amsa laifi ke nan. Ruwan bai fasa tafiya ba. Babban baƙo ya ɗage ƙafa ɗaya, ya ƙarasa taken a haka.

Da aka watse Baba ya ja ni gefe, ya rage murya. "Malam, ba abin kunya ba ne, ƙanena ma ya yi fama da shi. Ka daina shan shayi kafin taro."