Yatsan Baba a Utaibiyya

Tun shekarar 2016 hukumar sadarwa ta Saudiyya ta ce babu mai mallakar layin waya sai ya dangwala yatsa. STC, Mobily, Zain, duk jirgi ɗaya: kawo igama ko fasfo, ɗora yatsa a kan na'ura. Wai don a san mai kowane layi, 'yan damfara su rasa maɓoya.

To, a shagunan waya na unguwar Utaibiyya da ke Makka, wadda dokar ta fi damƙa ita ce tsohuwa 'yar Umara, wadda wanki da surfe da shekaru suka shafe mata zanen yatsu. Ta ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. "Baba, goge shi." Ta goge. "Baba, kawo na hagu." Ta kawo. Ɗawafi da sa'ayi ba su sa ta haki ba, sai nan. Ita da ta sha layin NIN a Kano ta ɗauka ta gama da dangwale har abada.

Da ƙyar layi ya buɗe. Kafin ta kira jikoki, saƙo ya riga su: wai an rufe katin bankinta, maza ta turo lambar sirri. Baba da guzurinta ke ƙulle a lalita! Shi mai saƙon da yatsan wa ya yi rajista? Oho.

Hukuma ta ce a tura irin wannan saƙo zuwa 330330. Baba ta ce a bari tukuna ta samo tabarau.