Ina Ruwan Ciyawa da 'Yancin Ƙasa?

To, 'yan gardama, na ga kun taɓe baki tun ban buɗe nawa ba. Wai mutumin da ya wuni bakin tafki yana kallon kwaɗi shi ne zai koya wa al'umma mulkin kai? Ku gyara zama, shayin ma bai huce ba.

Akwai wani gari, Konkod, a jihar Masacuset ta Amurka. A nan manoma suka yi musayar wuta da sojojin Ingila a kan wata gada ranar 19 ga Afrilu 1775, a yaƙin neman 'yancin ƙasar. Bayan shekara 62, ranar 4 ga Yuli 1837, aka taru don buɗe dutsen tunawa, aka rera waƙar da Ralf Waldo Emason ya tsara. Kun zaci kirarin mazaje zai cika ta da shi? Ya yabe su kam, amma sai ya koma kan kogi. Abokan gaba sun kwanta dama, masu nasara sun bi su, gadar ma ta bi ruwa. Abin da ya saura shi ne kogin da korayen gaɓarsa, su ne shaidu.

Malam na can baya, na ji ka, wai wannan ai zaman kashe wando ne. Tsaya mana. Emason da abokansa, waɗanda ake kira 'yan Taransandantal, ƙorafinsu guda ne: an kori sarkin Ingila, amma har yanzu kawunan Amurkawa aro suke yi daga Turai. Shi ya sa a littafinsa na 1836 kan halitta ya nemi kowa ya dubi daji da taurari da idonsa, ba da idon kakanninsa ba. Furen jeji da ya rera wa waƙa a 1834 bai nemi izinin London ba kafin ya tsiro. Siyasar ke nan, ta ɓuya cikin ganye.

Sai almajirinsa Toro (ba na agwagwa ba, ko da yake shi ma bakin ruwa ya tare). Ranar 4 ga Yuli 1845, ranar bikin 'yancin ƙasar, ya koma bukkarsa a gefen tafkin Walden, ya shekara biyu da wata biyu yana noman wake. A nan zan ba ku gaskiyarku: filin na Emason ne, kuma garin bai kai mil biyu ba, yana leƙawa gida a kai a kai. Ku yi dariyarku. Amma a 1846 ya kwana guda a kurkuku don ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta halatta bauta. Cikinku wa ya taɓa?

Bautar ita ce ƙayar da ta tsaya musu a wuya. Ranar 1 ga Janairu 1863, da dokar 'yanta bayi ta Shugaba Linkon ta fara aiki, Emason ya karanta waƙa a Boston, ya ce in za a biya diyya, bawan za a biya, ba ubangidansa ba.

Ku kuwa da kuke cewa itace ba ya shiga siyasa, ku gaya mini, wa ya laƙaba wa Sardauna Gamji? Ina sauraronku, Malam na baya ya fara.