4K a Goshi, Hazo a Allo

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kallon fim a Amurka da Ingila: wai a sayi faifan 4K a ajiye a gida ya fi, ko a biya kuɗin wata a riƙa kallo kai tsaye ta intanet? Mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa, famfonsu ba ya tari, dole su nemo abin da za su yi musu a kai, ba laifinsu ba ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda gardamar ta ƙetaro teku, ta wuce Kaduna, ta sauka a Kwangila, ta tari Keke Napep zuwa Samaru, kuma aka yi mata shimfiɗa. Mu dai ba a taɓa kawo mana gardama muka ce ba mu da masauki ba.

Samaru kuwa ita ce inda ya dace ta sauka. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 garin ya cika da mutanen da ko kunu za su sha sai sun kawo hujja. A wata majalisa da ake zama bayan isha akwai wani Dakta da ya yi karatu a Ingila, ya dawo da digiri da ciwon baya da na'urar faifan 4K da 'yan fayafai a cikin jaka. Shi ne limamin 'yan faifai. In ya fara bayani sai shayi ya huce a hannun mutane.

Kuma a yi masa adalci, abin da yake faɗa gaskiya ne. Hoton 4K ɗigo 3,840 ne a kwance, 2,160 a tsaye, wato ɗigo sama da miliyan 8 a allo guda. Faifan da aka ƙera masa ya shigo kasuwa a 2016, kuma babbansa yana ɗaukar gigabayit 100. Yana iya zuba wa talabijin megabit sama da 100 a kowace daƙiƙa, alhali Netflix cewa take in kana da 15 ma ya isa ka kalli nata 4K ɗin. To ina ragowar ta tafi? An matse ta, in ji Dakta, shi ya sa in dare ya yi a cikin fim sai ka ga duhun ya yi dabbare-dabbare, ƙarar bindiga ta koma kamar ba da gaske ake harbi ba. Sannan ga maganar mallaka. Fim ɗin da kake kallo ta intanet haya kake yi, ranar da yarjejeniyar kamfani ta ƙare sai ka wayi gari an ɗauke shi ba sallama. Faifai kuwa naka ne, har magada su gāda. Dakta yana son ya kawo labarin Christopher Nolan, wanda a 2023 ya yi ta kwaɗaitar da mutane su sayi faifan fim ɗinsa Oppenheimer su ajiye, har faifan ya yanke a shagunan Amurka.

Abin da Dakta ba ya son a tayar shi ne cewa masu ƙera na'urar su ma suna ta zare jiki. Samsung ta janye tun 2019, LG ta bi sahu a ƙarshen 2024. Netflix ɗin da yake zagi da aika wa mutane faifai ta gidan waya ta fara sana'a, kuma a Satumbar 2023 ta rufe wannan shagon ta kama gabanta. Abu na biyu da ba ya son a tayar shi ne inda tasa na'urar take. Wata rana aka dawo da wuta da ƙarfinta, na'urar ta yi ƙauri. Ya naɗe ta a tawul ya kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Mai gyara ya kwance ta, ya leƙa, ya hura mata iska, ya shinshina.

"Dakta, wannan ai ba a yi ta don ƙasar nan ba. Amma ka bar ta, akwai yaron da zai je Legas."

Yaron ya je Legas ya dawo, ya yi aure, matarsa ta haihu. Na'ura tana nan a saman kanta, an ɗora mata tsohuwar fanka. Fayafan kuma suna cikin kabad ɗin falo, ana goge musu ƙura duk Asabar, baƙi suna tambaya ko littattafai ne.

In ka bar Samaru ka biyo ta Palladan ka shiga Sabon Gari, a can 4K ba ta da wahalar samu ko kaɗan. Ragowar masu sayar da faifai, waɗanda suka ƙi komawa sayar da caja da gilashin waya, duk kayansu 4K ne. An rubuta a kwalin da ruwan zinari. A ƙasan rubutun kuma an ƙara da cewa fim 20 ne a faifai ɗaya. Shi faifan DVD na yau da kullum gigabayit 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5. A cikin wannan ɗan ɗakin aka cusa Jackie Chan da Sharu Khan da Rambo da wasu mutum 17, kowa ya takure. Ka tambayi mai shago ko na gaske ne, sai ya dafa ƙirji.

"Haba Oga, orijina ne. In ya kakare ka shafa masa makilin ka goge da gefen riga."

Wannan ilimin goge faifai da makilin, da na kaɗa kaset a tafin hannu kafin a tura shi cikin bidiyo, duk mun gāje shi, kuma babu jami'ar da ta koyar.

Amma babban masoyin 4K a Sabon Gari ba mai faifai ba ne, Alhaji ne. Alhaji bai san ɗigo ba, inci ya sani. Maƙwabcinsa ya sa mai inci 65, don haka shi 75 zai sa, ko da sai an cire ƙyauren falo kafin ta shige. Sitikar da aka manno a kusurwar allon daga kamfani, wadda aka rubuta 4K da manyan baƙaƙe, ba mai taɓa ta. Ta rufe rabin kan mai karanta labarai, amma duk yaron da ya kai mata farce ranar zai san gidan yana da mai shi. Rimot yana cikin ledarsa, an ƙara masa salatif. Kwalin yana bayan ƙofa inda mai shigowa zai gani. Abin da ake kallo a ciki kuwa tashoshin kyauta ne na tauraron ɗan'adam, hoton da aka yi don ƙaramin akwati, an ja shi an baje a bango har kowane ɗan siyasa ya ƙara ƙiba a kan wadda yake da ita. Alhaji yana kishingiɗe yana cewa, "Kai, ka ga fes!"

Haka abin yake a ɗakin amarya. 'Yan ganin ɗaki ba su tambayar me talabijin ɗin ke nunawa. Da ido suke auna faɗinsa, su je gida su ba da rahoto. An sha ganin gidan da aka kafe mai inci 55 a bango alhali ko mita ba a sa ba tukuna. Ba komai, ai ba don a kunna aka saya ba.

Sai ɗaya rundunar, 'yan intanet, waɗanda yawancinsu ɗalibai ne da matasan ma'aikata. Su a wurinsu faifai kayan tarihi ne, a kai shi gidan adana kayan gargajiya kusa da takobi. Suna da Netflix, wadda ta iso Najeriya a 2016. Ko in gyara zance, wani yana da Netflix. Ba wanda ya taɓa ganin mutumin. An ce yayan abokin wani ne da ke aiki a Abuja. Lambar sirrinsa ta taso daga can ta kwana a Samaru, ta leƙa Kongo, ta je Funtuwa biki, ta dawo ta Hunƙuyi. A da kaset muke ara mu ƙi mayarwa, mu ce yana wurin ƙanwar matar wane. Yanzu lambar sirri muke ara, kuma ranar da mai ita ya gaji ya canja, har fushi ake yi da shi. Na ji wani yana cewa, "Wallahi ban zaci haka daga gare shi ba, ko sanarwa babu." Bai san ko sunan mutumin ba.

Kayan aro dai ba ya rufe katara, kuma ko an ara maka lambar, ba a ara maka data. Tsarin Netflix mai 4K shi ne mafi tsada, wanda ya tashi daga naira 4,400 a farkon 2024 zuwa 8,500 a 2025. Wannan kuɗin shiga ne kawai. Kallon awa guda a 4K yana iya lashe gigabayit 7. Fim ɗin Indiya mai awa 3, da waƙoƙinsa da kukan uwa da dukan bos, gigabayit 21 ke nan. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100. Saboda haka ɗan gayen da ya cika majalisa da zancen zamani, da ya koma ɗaki sai ya lallaɓa ya shiga saitin YouTube ya danna 144. A wannan matakin fuskar jarumi kamar mutum ne ya taho daga nesa a hazon Disamba a hanyar Shika: ka san mutum ne, amma sai ya yi magana ka gane Ali Nuhu ne.

A Nuwambar 2021 Netflix ta saki fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, labarin Sarauniyar Zazzau. Ranar Zazzagawa suka ga abin mamaki iri biyu. Na farko, Sarauniyarsu tana ba da umarnin yaƙi da Turanci. Na biyu, doki ya ɗaga ƙafa zai yi sukuwa sai ya tsaya cak a sama, wata 'yar da'ira ta fito a tsakiyar allo tana juyi. Aka fita tsakar gida da waya, aka ɗaga ta sama, aka hau kan turmi. Mayaƙan da suka ci garuruwa suka gina ganuwa, sabis ya tsare su a bakin ƙofa.

Sai Oktobar 2024 ta zo ta raba gardama na ɗan lokaci. Layin wutar Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta shafe sama da mako guda a duhu. Fetur kuma tun cire tallafi a Mayun 2023 ya zama abin da ake zuba wa janareta da addu'a. Ana ta kai wa ke ta kaya? Ɗan faifai da ɗan intanet suka haɗu a layin mai cajin waya, kowa riƙe da ɗan katin lambarsa, ba mai ce wa wani uffan a kan ɗigo.

Duk wannan hayaniyar, wanda ya ci kasuwar yana zaune a 'yar rumfa da tsohuwar kwamfuta da lasifika mai tsatsa. Mai turi. Ba ya cikin gardamar Turawa, ba su ma san da shi ba, amma shi ke ciyar da Samaru da Sabon Gari da fim, daga Hayin Dogo har Muciya. Ka miƙa waya ko memori, ka ba da 'yan canji, ya zuba maka fassarar Algaita, da na Koriya zango-zango, da sabon Labarina, da Izzar So tun daga farko in wayarka za ta ɗauka. Babu lodin, babu lambar sirri, babu karcewa. Ka koma gida ka kunna Xender, kafin la'asar duk layinku sun samu. Fim ɗin da aka ƙera wa faifai mai gigabayit 100, shi a megabayit 300 yake ba ka, kuma har yau ba a ji wanda ya dawo ya ce an rage masa ɗigo ba. Ƙorafin da ake kawo masa ɗaya ne: "Malam, wannan ba fassara."

Masu shirya fim ne kawai ba su ga abin dariya a nan ba, kuma suna da gaskiya. Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 sana'ar a kan kaset ta tsaya, daga baya faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suna saye suna rarrabawa har Zariya da Maraɗi. Turi ya zo ya kwashe wa wannan kasuwa ƙafa. Shi ya sa manyan daraktoci suka koma fim mai dogon zango a YouTube da Arewa24, aka kuma buɗe manhajoji irin su Northflix don mai kallo ya biya kai tsaye. Mai kallo ya ji, ya yaba, ya yi musu fatan alheri, ya wuce wurin mai turi.

Ni a ganina dalilin da ya sa gardamar 4K ba za ta taɓa kama mu da gaske ba shi ne, mu ba da ido muke kallon fim ba, da baki muke kallo. Hajiya tana kicin tana tuƙa tuwo, wayar tana jingine da gwangwanin gishiri, ba ta ko waiwaya ba amma ta san kishiyar ce ta zuba maganin. A falo kuma akwai wanda ya riga ya kalla, ya zauna musamman don ya ce, "Ku lura da wannan, shi zai kashe shi." Akwai mai yi wa jaruma faɗa, akwai mai tsine wa bos, akwai Baba da ya shigo a tsakiya yana tambayar wannan ɗin ɗan waye. Sautin nan mai kewaye ɗaki da Dakta yake yabo, mu tuni muna da shi, kuma ba ya cin wuta.

Kwanan baya aka hangi Dakta da kansa a wata rumfar turi a bayan kasuwar Samaru, da magariba, ya ja hula har gira. Ya zaro filas daga aljihun gaba ya miƙa, ya faɗi sunan fim a hankali. Yaron ya duba kwamfuta.

"Akwai, ranka ya daɗe. Mai nauyi ko mara nauyi?"

Dakta ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Nawa ne bambancin?"

Yaron ya faɗa masa. Dakta ya yi ɗan lissafi a zuci.

"Sa mara nauyin. Amma ka gyara sunan, ka ƙara 4K a ƙarshe. Akwai baƙin da za su zo."